Wane Harshe Zan Koya? Tarihin Wata Tambaya Daga Zandam

Ranar da na dawo Zandam daga bautar ƙasa, mahaifina bai ce mini komai ba sai da aka idar da sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Shekara uku kafin wannan dare ya sayar da buhunan riɗinsa da wani ɗan maraƙi, ya haɗa mini kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu, wadda wani ya gama cin moriyarta a Turai. Ya dube ni ya ce, "To, an gama karatu, alhamdu lillahi. Wannan na'ura da me za ta ciyar da kai?" Ban ba shi amsa ba, domin amsar tana rataye ne a wuyan wata tambayar da ni kaina ban warware ba. Digirin kimiyyar kwamfuta yana hannuna, amma harsunan da ake rubuta manhaja da su sun haura ɗari, kowanne da masu yi masa kirari a intanet. Wanda cajinsa yake hannun mai sola, datarsa kuma ta mako-mako ce, ba shi da sukunin ɗanɗana kowace miya. Dole ya zaɓi ɗaya ko biyu ya zuba musu ƙuruciyarsa, in kuwa ya zaɓi wanda kasuwarsa ke shirin watsewa, riɗi da maraƙi sun tafi a banza.

Na daɗe ina zaton wannan tambaya 'yar zamaninmu ce. Da na zauna na bi tarihin gidanmu sai na ga ni ne na uku da ta tsaya wa a gaba, kuma na biyun farko duk ba su ji da daɗi ba.

Ƙasarmu ta daɗe da sanin ajiye alama. Duk yaron da ya yi makaranta a Birnin Kudu ya san zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950. Zanen yana nan, amma babu mai iya faɗa maka abin da masu shi suka nufa. Wannan shi ne darasin farko da na taɓa gani da idona game da rubutun da ya rasa masu karanta shi, ko da yake a lokacin hankalina yana kan rake da gyaɗar da muka tafi da su.

Kakana na wajen uwa almajiri ne da ya yi gabas ya dawo da Alƙur'ani a ka da kyakkyawan hannu. Da ajami yake rubuta wa mutane wasiƙa zuwa ga 'yan'uwansu da suka tafi cin rani, da ajami yake riƙe wa fatake lissafin bashi. Abin da bai sani ba shi ne, tun kafin a haife shi an riga an yanke hukuncin makomar wannan hannu nasa a wani wuri mai nisa da Gwaram. A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Rumawa. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, duk da boko. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. A cikin waɗannan shekaru ne aka daidaita haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda za su sake fitowa a labarin nan.

Ana yawan cewa boko ya yi rinjaye ne saboda ya fi dacewa da sautukan Hausa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: wasulan Hausa biyar ne, alamomin Larabci uku, kuma malamai ba su taɓa haɗuwa a kan hanya guda ta rubuta wasu sautuka ba. Sai dai malaman sun riga sun samar wa kansu dabaru, kamar ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashin harafi don fitar da sautin "e", kuma da an so daidaita ajami da an daidaita shi kamar yadda aka zauna aka daidaita boko. Abin da ya raba gardama shi ne injin ɗab'i da keken rubutu da albashin En'e. Mai mulki ya zaɓi rubutun da shi zai iya karantawa, ya kawo injin da ke buga shi, ya ce duk mai son zama malamin haraji ko malamin asibiti sai da shi. Gundumomin Birnin Kudu da Gwaram a lokacin suna ƙarƙashin En'e ta Kano. Abokin wasan kakana, wanda aka kama aka kai elementare iyayensa suna kuka, shi ya dawo da keke da albashi. Shi kuwa kakana, da aka zo Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, sunansa ya shiga jerin waɗanda za a koya wa karatu. Mahaifiyata ta ce har ya rasu bai daina ba da wannan labari yana dariya ba, amma dariyar ba ta kai ciki.

Harsunan kwamfuta sun iso ƙasar nan ta irin wannan ƙofa, wato ta hannun mai inji. A 1963 kamfanin IBM ya kafa cibiyar horarwa a jami'ar Ibadan, daga baya manyan jami'o'i suka buɗe nasu ɗakunan kwamfuta, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda yau yake ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi. Harsunan zamanin biyu ne suka fi shahara. FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a IBM a 1957, na masu lissafi da injiniyoyi ne. COBOL, wanda aka tsara a 1959, na bankuna da ofisoshin biyan albashi ne. Ɗalibi ba ya taɓa na'urar da hannunsa. Yakan huda umarninsa a jikin kati, layi ɗaya kati ɗaya, ya miƙa damin katunan ta taga, ya dawo daga baya ya karɓi takarda, wani lokaci ya tarar waƙafi guda ya rushe masa aikin yini.

A shekarata ta biyu a jami'a an koya mana FORTRAN, kuma a takarda muka rubuta jarrabawarsa. Malaminmu ya kafa mana doka cewa kowane umarni sai ya fara daga gurbi na bakwai, mu bar shida na farko. Muka bi, muna gunaguni, babu wanda ya tambayi dalili. Sai da na fara wannan bincike na gane cewa katin IBM gurbi 80 gare shi: biyar na farko na lambar layi ne, na shida na nuna cewa layin ci gaban na sama ne, daga na 7 zuwa na 72 na umarni ne, takwas na ƙarshe kuma na lambar jeri ne, don in damin ya zube a ƙasa a iya mayar da shi yadda yake. Ashe muna zaune a aji da wayoyin Android a aljihu muna yi wa katin da aka daina hudawa tun kafin a haife mu ladabi. Na yi dariya, amma ban raina darasin ba, domin a cikinsa na fara sanin yadda ake sa na'ura ta maimaita aiki da yadda ake sa ta zaɓi tsakanin hanya biyu, kuma ban taɓa cin karo da harshen da ba shi da waɗannan ba.

COBOL kuwa ya ƙaryata duk masu yi masa jana'iza. An haife ni a 2000, shekarar da duniya ta tsorata cewa tsofaffin manhajojin da ke rubuta shekara da lamba biyu kawai za su ɗauki 00 a matsayin 1900, aka bi tsofaffin masana COBOL har gida ana roƙonsu su dawo aiki. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar yawan jama'a. Harshe yakan rayu muddin akwai dukiyar da aka gina a kansa wadda mai ita yake tsoron taɓawa. Sai dai wannan dukiya ba a Gwaram take ba, don haka labarin ya burge ni amma bai amsa tambayar mahaifina ba.

Shekarar 2001 ita ce shekarar da Jigawa ta ɗaga kai. Jihar tana da shekara goma da kafuwa, tun 27 ga Agusta 1991 da aka cire ta daga Kano, kuma an fi saninta da noma da ƙarancin masana'antu. Gwamnan lokacin, Ibrahim Saminu Turaki, ya ɗora buri a kan fasahar sadarwa. Aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, aka kuma samar da Galaxy a Dutse don kawo intanet. A wannan shekara ce gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NITDA, a watan Agusta kuma wayar salula ta fara aiki a Nijeriya. Mutane sun yi ta muhawara ko jihar da ƙauyukanta ba su da wutar lantarki ta dace da irin wannan buri, kuma muhawarar ba ta mutu ba har yau. Abin da ba a musu a kansa shi ne, daga wannan lokaci yaron Jigawa ya fara jin cewa kwamfuta sana'a ce da zai iya ci da ita.

Wannan iska ce ta ɗauki kawuna, ɗan wancan mai ajami. A 2002 ya tafi Kano ya shiga wata cibiyar koyon kwamfuta, ya koyi Visual Basic 6 da Access. Zaɓinsa ya yi daidai da abin da idonsa ya gani: duk ofishin da ya shiga Windows ne a kan tebur, kuma da Visual Basic mutum zai ja maɓalli ya ajiye a allo, ya rubuta layi kaɗan, manhaja ta tashi. Ya dawo ya rubuta wa makarantu masu zaman kansu manhajar haɗa sakamakon jarrabawa, ya rubuta wa wani mai kantin magani ta lissafin kaya. A faifan CD yake ɗaukarsu a kan babur daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, har cikin ƙasar Bauchi. Da wannan ya yi aure, da shi ya yi ɗakin siminti. Abin da ba wanda ya faɗa masa shi ne, a shekarar da ya fara koyo Microsoft ya riga ya fitar da sabon tsarin .NET wanda ya sauya harshen daga tushe, a 2008 kuma ya janye tallafinsa daga tsohon.

Amma ba wannan sanarwa ce ta karya Kawu ba, domin manhajojinsa sun ci gaba da aiki shekaru bayanta. Abin da ya karya shi na'urar da ke hannun jama'a ce ta sauya. Kwamfutar tebur tana son janareto, janareto yana son mai, filashin da ake yawo da shi daga ofis zuwa ofis kuma yana raba ƙwayar cuta kamar ruwan rijiya ɗaya. Masu makarantu suka fara cewa suna son iyaye su ga sakamako a waya. Kawu yana da iyali a lokacin, ba shi da shekara biyun da zai zauna ya koma ɗalibi. Yau yana da shago a Birnin Kudu inda ake buga takardu da hoton fasfo da cirar kuɗi. Littattafansa na Visual Basic suna cikin adaka, gara ta fara cin gefensu, kuma a ƙasan adakar, cikin gafaka, akwai takardun ajamin mahaifinsa. Shi da kansa ya haɗa su wuri ɗaya, ban tambaye shi dalili ba.

A wannan zamani na Kawu ne haruffan East suka sake shiga matsala. Kwamfutocin farko ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta da maɗaba'u damar buga Hausa da lanƙwasarta, aiki ne da adabin Hausa ba zai manta da shi ba. Dawwamammiyar mafita ta zo ne da tsarin Unicode, wanda aka fara a 1991, inda kowane harafi na kowane harshe ya sami lamba tasa ta dindindin da duk na'urori suka yarda da ita. Wannan ya tsaya mini a rai. Visual Basic mallakar kamfani ɗaya ne, ranar da kamfanin ya juya baya sai kowa ya bi ko a bar shi a baya. Unicode yarjejeniya ce ta jama'a da yawa, shi ya sa ƙ ɗin da na buga a wayata take isa Yamai ko Jidda a matsayin ƙ.

Zamanin da ya biyo baya da gudu ya wuce. Muna firamare yayyenmu suna fama da Opera Mini da 2go a wayoyin Nokia, duk da wani reshe na Java aka rubuta su. A Fabrairun 2011 Nokia ya sanar da komawa tsarin Windows, cikin 'yan shekaru Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwanninmu da Android, wancan reshe na Java ya bushe. Flash, wanda a da kusan duk wasa da bidiyon intanet suka dogara da shi, an rufe shi a ƙarshen 2020. Ko a Android ɗin, Google ya karɓi Kotlin a 2017, bayan shekara biyu ya fifita shi a kan Java. A Legas, Andela da aka kafa a 2014 ya sa samari da yawa sun yarda cewa daga ɗakinka za ka yi wa kamfanin Amurka aiki a biya ka da dala, sai ga shi a Satumbar 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400, yana cewa kasuwa ƙwararru take nema. Na karanta wannan labari ina shekarar farko a jami'a, kuma ya rage mini zumuɗi ƙwarai.

Da na jera waɗannan duka sai na daina tambayar wane harshe ne ya fi kyau, tambayar da muka ɓata darare muna musu a kanta a ɗakin kwanan ɗalibai. Na koma ga tambayoyin da kakana da Kawu ba su sami wanda zai yi musu ba: wace na'ura ce a hannun mutanen da zan yi wa aiki, wa zai biya, kuma wa ke da ikon kashe harshen da rana tsaka? A farkon 2023, lokacin da sauyin takardun naira ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi, na ga dillalan hatsi a kasuwar Sara waɗanda ba su taɓa yarda da banki ba suna karɓar kuɗi ta waya. Na'urar tana hannunsu ke nan, ƙaramar Android mai fasasshen gilashi, intanet ɗinta yana zuwa yana ɗaukewa. Ita ma tawa na'urar ta sa baki a shawarar. Ƙwaƙwalwar aikinta giga 4 ce, Android Studio kuwa, wanda ake rubuta Kotlin a cikinsa, yana neman aƙalla 8. Na gwada shi sau ɗaya, kwamfutar ta yi zafi kamar kaskon suya, batirin ya ƙare kafin allon farko ya buɗe.

Na zaɓi JavaScript da SQL. JavaScript ba kyakkyawan harshe ba ne, Brendan Eich ya haɗa shi ne cikin kwana goma a 1995 kuma alamun gaggawar suna nan a jikinsa. Amma babu wayar da ke da burauza da ba ta jin sa, ba ya bukatar babbar na'ura, kuma ƙa'idarsa tana hannun kwamitin da kamfanoni masu gaba da juna suke zaune a ciki, don haka babu ɗaya da zai iya rufe shi shi kaɗai. SQL kuwa, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ya samo asali ne daga aikin Edgar Codd na 1970, an daidaita shi a 1986, ya ga zuwan Visual Basic da tafiyarsa, ya ga na Nokia. Ƙaramin rumbun SQLite, sa'ana ne a haihuwa, yana cikin kowace wayar Android. Python na ajiye shi zuwa gaba. Na san abokaina da suka zaɓi Flutter ko suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 suka bi wasu fannoni, ban ce sun yi kuskure ba. Na kuma san tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022 na'ura tana rubuta cikin daƙiƙa abin da nake kwana a kansa, kuma mai yiwuwa wata rana wani ɗan ƙanwata ya buɗe tawa adakar. Wannan tsoro bai bar ni ba.

Aikina na farko na wani dillalin riɗi ne a garinmu, wanda littafin bashinsa ya jiƙe a damina har ya yi asarar kuɗin da bai faɗa mini adadinsu ba. Na rubuta masa 'yar manhaja mai aiki ko babu intanet. Kafin na kai masa sai na hau mota zuwa Birnin Kudu na nuna wa Kawu, da ɗan alfahari a zuciyata. Bai ko kalli JavaScript ɗin ba, ya ce wannan yaren ba nasa ba ne. Ya ce in buɗe masa jadawalin bayanan. Ya gyara tabarau ya yi shiru, sannan ya sa yatsa a allon.

"Ɗana, ka haɗa sunan mai bashi da bashin a jadawali ɗaya. In mutum ya ci bashi sau uku, sau uku za ka rubuta sunansa? Ran da aka rubuta Sale a nan, Salisu a can, ya zama mutum biyu, ɗaya ba zai biya ba. Raba su. Kuma ina ranar da aka karɓa? Manomi yana biya ne kaɗan-kaɗan, wani da kuɗi wani da tiya. Ina za ka sa tiyar?"

Na ce, "Kawu, a ina ka san wannan?"

Ya ce a Access ya koya, shekara ashirin da suka wuce, bayan mai kantin magani ya kusa kai shi gaban alƙali. Ya jawo wata tsohuwar takardar rasit ya juya bayanta, ya zana mini jadawali uku da layukan da ke haɗa su. Batirina yana kashi 18 cikin ɗari, ya miƙo mini wayar caji daga ƙarƙashin teburinsa, na zauna a kan bencin masu jiran hoton fasfo na fara gyara.